TATTARA NAMAN KAZA NA DAJI DA ADANA SHI DOMIN BINCIKE A YANKIN ABUJA

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama a Yankin Babban Birnin Tarayya, akan ga naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, yana tsirowa a gindin suri, da kan ruɓaɓɓen kututture, da ƙarƙashin itatuwan kurmi, har ma a kan juji da cikin ciyawar bakin gona. Matan Gbagyi da na maƙwabtansu sun daɗe suna tsintar waɗansu ire-irensa suna sa wa a miya, wasu kuma su kai kasuwa. Bahaushe kuwa galibi yakan wuce shi, ko ya sa fartanya ya kaɓe shi tare da ciyawa.

Wannan halitta ba ta daɗewa a fili. Wadda ta fito yau da asuba, kafin jibi ta zama ruwa, tsutsa ta cinye saura. Saboda haka duk abin da ba a ɗauka an busar an ajiye ba, ya tafi ke nan ba tare da ya bar shaida ba. Idan iyali suka ci wani iri suka kwanta, likita zai so ya san wanne ne. Idan manomi yana so ya noma iri mai kyau a gida, dole a fara tabbatar da asalinsa. Idan wata cuta ta kama itatuwan lambu, sai an gane mai haddasa ta kafin a nemi magani. Duk waɗannan tambayoyi amsarsu tana wurin samfurin da aka adana da kyau tare da cikakken bayani. Manufar wannan rubutu ita ce a nuna wa malaman gona da manoma yadda za su yi wannan aiki da kayan da ke hannunsu.

Mene ne naman kaza?

Ko da yake daga ƙasa yake fitowa, naman kaza ba tsiro ba ne. Ba shi da koren sinadarin da ganye ke amfani da shi wajen haɗa abinci da hasken rana. Ɗan dangin funfuna ne, wato zuriya ɗaya suke da funfunar da ke kama tuwo da burodi, da yis ɗin da ke kumbura ƙullu, da burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa, da tsatsar da ke kama ganyen masara da gyaɗa.

Ainihin jikinsa wasu siraran zare ne farare masu kama da saƙar gizo-gizo, waɗanda ke ratsa ƙasa ko itace ba a ganinsu. Laimar da muke gani tamkar 'ya'yan itace take, aikinta shi ne watsa ƙwayoyin iri, waɗanda suka fi garin fulawa laushi, iska kuma ke kwashe su. Wannan ya sa cire laima ba ya kashe uwar, muddin ba a tone wurin an lalata shi ba.

Ta fuskar yadda suke samun abinci, sun kasu kashi uku. Na farko su ne masu ruɓar da matattun itatuwa da ganye da kashin dabbobi, su mayar da su taki. Na biyu su ne masu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wata halitta. Waɗansu suna naɗe saiwar itatuwa kamar doka da kawo, su jawo musu ruwa da sinadarin fosfaras, itacen kuma ya ba su sukari. Waɗansu kuma gara ce ke noma su a cikin suri. Na uku su ne masu cutar da shuka mai rai.

A rahoton da Lambun Binciken Tsirrai na Kew da ke Ingila ya fitar a 2023, an ƙiyasta cewa akwai ire-iren dangin funfuna kimanin miliyan 2.5 a duniya, amma waɗanda masana suka ba suna ba su wuce kimanin 155,000 ba. Ke nan fiye da kashi 90 cikin 100 ba a san su ba tukuna, kuma ƙasashe masu zafi irin namu suna cikin wuraren da bincike ya fi ƙaranci.

Ma'adanar samfuri da amfaninta

Ma'adanar samfuri, wadda masana ke kira habariyam, ɗaki ne da ake ajiye busassun tsirrai da dangin funfuna, kowanne da takardar da ke bayyana sunansa da inda aka samo shi da ranar da aka samo shi. Wani malamin likitanci na ƙasar Italiya mai suna Luca Ghini ne ake dangantawa da fara wannan dabara, tun a ƙarni na 16. Ma'adanar dangin funfuna ta Kew, wadda aka kafa a 1879, tana da samfuri fiye da miliyan ɗaya, kuma akwai na Nijeriya a cikinsu. Tsakanin 1912 da 1917, wata masaniya ta Kew mai suna Elsie Wakefield ta wallafa jerin sunayen ire-iren da aka aika mata daga ƙasar nan. Saboda an busar da su da kyau, har yau mai bincike yana iya buɗe ambulan ya duba abin da aka tsinta fiye da shekara ɗari da suka wuce.

A cikin gida, ma'adana mafi girma ita ce ta Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa, wato FRIN, da ke Ibadan, mai ɗauke da samfuri fiye da 100,000, yawancinsu na tsirrai. A nan Abuja, Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato NIPRD, da ke Idu, wadda ta fara aiki a 1989, tana da ma'adanar tsirran magani. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da tata ma'adanar, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuwa, wadda tarihinta ya faro daga 1922, ta daɗe tana nazarin cututtukan amfanin gona na Arewa.

An yi ɗan rubuce-rubuce a kan naman kazan Nijeriya. M. H. Zoberi ya wallafa littafi a kansa a 1972, Farfesa B. A. Oso na Jami'ar Ibadan kuma ya tattara sanin Yarabawa game da shi a 1975. Sai dai yawancin wannan aiki na farko a kurmin Kudu aka yi shi. Dazuzzukan tsakiyar ƙasa da na Arewa suna buƙatar ƙarin hannu.

Dalilin da ya sa aikin yake da gaggawa a Abuja

An ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kimanin miliyan 1.4 a yankin, tun daga lokacin kuwa jama'a sai ƙaruwa suke yi. Wuraren da a da gonaki ne da daji, kamar Kubwa da Gwarinpa da Lugbe, yanzu gidaje ne da kwalta. A ƙananan hukumomin Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada da Bwari, sarar itace domin gawayi da buɗe sababbin gonaki suna cin abin da ya rage.

Yankin yana samun ruwan sama tsakanin milimita 1,100 zuwa 1,600 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Yana da dajin itatuwa da ciyawa, da duwatsu, da kurmi a bakin koguna irin su Usuma da Gurara. Wannan haɗuwa ta sa ake samun ire-iren naman kaza na daji da na kurmi a wuri guda. To, amma irin da ke rayuwa a saiwar doka ba zai sake fitowa ba bayan an sare dokar, haka ma wanda gara ke nomawa yakan ɓace idan aka rushe suri aka zuba masa guba. Hasara ta biyu ita ce ta ilimi. Tsofaffin matan da suka san sunan kowane iri da lokacin fitarsa suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun koma birni. Idan aka yi sakaci, za a wayi gari babu abin, babu mai labarinsa.

Kayan aiki

Ba a buƙatar kaya masu tsada. Ga abubuwan da ya kamata mai tattarawa ya tanada:

1. Kwando mai faɗi ko kwali mara zurfi.
2. Wuƙa mai ƙarfi ko ƙaramar cebur ta lambu, da adda ko kurfi domin masu fitowa a jikin itace.
3. Takardar naɗi, ko ta jarida ko ambulan ko takardar alminiyam.
4. Akwatin ashana ko ƙananan gwangwanaye domin ƙanana masu saurin karyewa.
5. Littafin rubutu da fensir, domin tawadar biro takan zuba idan ta jiƙe.
6. Rula, da gilashin ƙara girman abu in da hali.
7. Wayar hannu mai kyamara, wadda za ta iya nuna lambobin wuri a taswira.
8. Takalmin roba mai tsawo da sanda, domin maciji yana son suri da ruɓaɓɓen itace.

A guji zuba ɗanyen naman kaza a cikin leda. Zufa za ta taru a ciki, kafin a isa gida ya dagargaje.

Lokaci da wuri

Lokaci mafi dacewa shi ne da sassafe, kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi. Kowane iri yana da nasa lokaci, wasu da ruwan fari suke fitowa, wasu sai tsakiyar damina, wasu kuma sai ruwa ya kusa ɗaukewa. Saboda haka ya fi amfani a zaɓi wurare biyu ko uku a riƙa komawa duk mako biyu, maimakon a yi yawo sau ɗaya a shekara.

Kafin a shiga daji ko kurmi, a nemi izinin mai gona da na dagaci ko mai unguwa. Waɗansu kurmi wuraren al'ada ne da ba a shiga sai da yardar masu su. Gandun dajin gwamnati kuma yana buƙatar izinin jami'an gandun daji. A yi la'akari da halin tsaro na yankin, kada mutum ya tafi shi kaɗai, a kuma tafi da ɗan gari wanda ya san hanya.

Yadda ake cirewa

Kafin a taɓa shi, a ɗauki hoto yana inda yake, a nuna abin da ya fito a kai. Bayan an cire, a sake ɗaukar hoton saman laimar da ƙarƙashinta da gindin, tare da rula da lambar samfurin a gefe.

A sa wuƙa a tono shi tun daga tushe. Kada a tsinke shi da hannu, domin alamar da ta fi muhimmanci sau da yawa a cikin ƙasa take. Dangin da masana ke kira Amanita, waɗanda a cikinsu ake samun mafi kisa a duniya, suna da wata 'yar jaka ko kumburi a gindin kara, wadda ke zama a ƙasa idan an fizge shi. Na suri kuwa, wato Termitomyces, wanda masanin Faransa Roger Heim ya ba suna a 1942, yana da dogon tushe kamar saiwa wanda ke gangarawa har cikin ɗakin gara. A bi shi a hankali gwargwadon iko, a auna tsawonsa, sa'an nan a mayar da ƙasar da aka tone. Akwai kuma wani iri, Pleurotus tuber-regium, wanda ke fitowa daga wani dunƙule mai kama da doya a ƙarƙashin ƙasa, mutanen Kudu kuma suna daka shi su kaurara miya. Shi ma a haɗa da yankin dunƙulen.

Idan a jikin itace ya fito, a sare shi tare da ɗan ɓawon itacen, a rubuta sunan itacen da kuma ko yana da rai ko ya mutu. A ɗauki ƙarami da matsakaici da babba, kamar guda uku zuwa biyar, domin kamanninsu suna sauyawa yayin da suke girma. A bar ruɓaɓɓu da waɗanda tsutsa ta cinye, a kuma bar wasu masu lafiya a wurin domin su zubar da iri. Kowane iri a naɗe shi daban, a sa takardar lambarsa a ciki. Masu nauyi a ƙasan kwando, masu laushi a sama. Samfuri biyar da aka yi wa aiki sosai sun fi hamsin da aka tara babu bayani.

Rubuta bayani

Busasshen naman kaza yakan ƙanƙance, launinsa ya dushe, ƙanshinsa ya tafi. Abin da ba a rubuta yana ɗanye ba, ba za a sake samunsa ba. Don haka a rubuta waɗannan a ranar da aka tsinto shi:

1. Lambar samfuri. Kowane mai tattarawa ya fara daga 1 ya ci gaba, kada ya maimaita lamba har abada.
2. Kwanan wata, da sunan mai tattarawa.
3. Ƙaramar hukuma da gari da unguwa, da lambobin wuri daga wayar hannu.
4. Irin wurin: gona, kurmi, fadama, juji, gindin suri, da sunayen itatuwan da ke kusa.
5. Laima: faɗinta a santimita, siffarta, launinta, ko tana da santsi, ko ɓawo-ɓawo, ko tsini a tsakiya.
6. Ƙarƙashin laima: ko haƙarƙari ne jere kamar na laimar ruwa, ko ƙananan huji kamar soso, da launinsu.
7. Kara: tsawo da kauri, ko yana da zobe, ko jaka a gindi, ko cikinsa rami ne.
8. Sauyin launi idan an yanka ko an murza, da ko yana fitar da ruwa mai kama da nono.
9. Ƙanshi. Kada a ɗanɗana.
10. Sunansa a harshen mutanen wurin, da ma'anar sunan, da amfanin da suke yi da shi, da yadda suke sarrafa shi.

Kada a raina wannan na ƙarshe. Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya wallafa a 1916, kuma har yau masu bincike suna komawa ga aikinsa. A rubuta sunan yadda aka faɗe shi, da Gbagyi ne ko Gade ko Gwandara ko Bassa ko Koro, in da hali a naɗi muryar mai faɗa bayan an nemi yardarsa.

Tambarin iri

Launin ƙwayoyin iri babbar alama ce wajen rarrabewa. A yanke laima guda daga kararta, a kifa ta a kan takarda wadda rabinta fari ne rabi baƙi, a rufe da kofi ko kwano, a bar ta awa huɗu zuwa kwana ɗaya. Idan aka ɗaga, za a ga garin iri ya zuba ya yi tambari. A rubuta launinsa nan take, a bar takardar ta bushe, a ninke ta a ajiye tare da samfurin.

Ga misalin amfanin wannan. Akwai wani iri mai farar laima da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa da zobe a kara, wanda ke fitowa a cikin ciyawa da filayen makarantu da lambunan gidaje, sunansa Chlorophyllum molybdites. Yana da kyan gani, yana kuma kama da waɗansu da ake ci, amma yana haddasa amai da gudawa mai tsanani cikin 'yan awoyi. Idan ya ƙosa, tambarinsa kore-kore ne. Na suri kuwa tambarinsa ruwan hoda ne mai haske, na Amanita kuma fari. Sai dai tambari shi kaɗai ba ya isa a yanke hukuncin cewa abu na ci ne.

Busarwa

Kimanin kashi 90 cikin 100 na ɗanyen naman kaza ruwa ne. Kilo ɗaya yakan koma kamar giram 100 idan ya bushe. Sirrin aikin shi ne a fara busarwa a ranar da aka tsinto, da iska mai ɗumi mai ratsawa, ba da wuta mai ƙarfi ba. Zafin da ake so shi ne digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya wuce 50, naman yana iya dahuwa, kuma ƙwayoyin gadonsa, waɗanda masana ke karantawa a ɗakin gwaji, suna iya lalacewa. Tun daga 2012 masana suka amince da wani yanki na ƙwayoyin gado a matsayin ma'aunin tantance dangin funfuna, saboda haka samfurin da zafi ya ƙona ya yi hasarar rabin darajarsa.

Ana iya haɗa akwatin busarwa da katako ko kwano, mai tsawon kamar mita ɗaya, da huji a ƙasa da sama, da faranti biyu ko uku na wayar raga a ciki. A sa ƙwan lantarki mai zafi a ƙasa, ko fitilar kananzir, ko kurfoti mai garwashi kaɗan mara hayaƙi. Idan babu ma'aunin zafi, a sa hannu a kan ragar. In mutum zai iya barin hannunsa ba tare da ya ji ƙuna ba, zafin ya yi daidai. Kada a bar wuta babu mai kula, musamman da dare.

Manya a raba su biyu daga sama zuwa ƙasa, masu kauri sosai a yanka su falle-falle. Kowanne ya kasance da takardar lambarsa a gefensa. Masu laushi sukan bushe cikin kwana ɗaya, masu tauri na jikin itace kuwa sai kwana biyu zuwa huɗu. Alamar bushewa ita ce ya karye ƙas kamar ƙanzo. Idan yana lanƙwasa, da saura.

Shanya a rana tana yi idan rana ta buɗe, a kan raga, a ɗaga daga ƙasa saboda kaji da awaki. Amma a watannin Yuli da Agusta da Satumba hadari da laima sun yi yawa a Abuja, sau da yawa abin yakan ruɓe kafin ya bushe. Ƙanana ƙwarai ana iya busar da su a cikin kwalba mai murfi tare da silika jel, wato tsakuwar nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi da na magani. Yana da kyau a yanki ɗan guntu kamar ƙwayar wake daga kowane samfuri a busar da shi ta wannan hanya domin gwajin ƙwayoyin gado. Kada a danne naman kaza a tsakanin takardu yadda ake yi wa ganye.

Adanawa da yaƙi da ƙwari

Bayan ya bushe ya huce, a sa shi a ambulan ɗin takarda tare da tambarin irinsa, a rubuta bayaninsa a baya da fensir. Masu girma a sa su a ƙaramin kwali. Sa'an nan a jera ambulan a cikin bokitin roba ko gwangwani mai murfi da ba ya shigar da iska, tare da silika jel. A ajiye a kan kanta, nesa da bango mai laima.

Maƙiya biyu ne, laima da ƙwari. Irin ƙwaron nan da ke cin busasshiyar taba da kayan yaji yana iya mayar da samfuri gari cikin 'yan watanni. Hanya mafi inganci ita ce a ƙulle busasshen samfuri a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili har kwana bakwai ba tare da yankewar wuta ba. Idan an fitar, kada a buɗe ledar sai ta dawo da ɗumin ɗaki, domin kada raɓa ta kama shi. Inda babu firiza ana iya sa kafur a cikin gwangwanin, amma shaƙarsa tana da illa, kuma haɗari ne ga yara, don haka kada a ajiye a ɗakin kwana. A riƙa dubawa duk wata, musamman da damina.

In samfurin yana da yawa, a raba shi biyu da lamba ɗaya, a kai ma'adana biyu. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wuta ta cinye mafi yawan ma'adanar birnin Balin ta Jamus, kuma kwafin da aka rarraba wa wasu wurare ne suka cece wani ɓangare na wannan ilimi. Kafin a aika, a tuntuɓi ma'adanar ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa, a ji ko suna karɓa da kuma sharuɗɗansu. Kada a ba baƙo samfuri ya fita da shi ƙasar waje ba tare da izinin hukuma ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 an yi ta ne domin ƙasa da al'ummar da abu ya fito daga gare su su sami rabonsu na amfaninsa.

Samfurin shuka mai cuta

Wannan fasaha tana yi wa malamin gona amfani wajen cututtukan amfanin gona. Ganyen gyaɗa mai ɗige-ɗige, ko na masara mai tsatsa, a tsinko shi da safe bayan raɓa ta bushe, a shimfiɗa a tsakanin takardun jarida, a danne da katako da dutse, a riƙa sauya takardar kullum har ya bushe. A haɗa da ganyen da cutar ta fara kamawa da wanda ta ci sosai. Zangarniya mai burtuntuna a naɗe ta da kyau domin kada garin ya watsu. A rubuta irin shukar, da ranar shuka, da takin da aka sa, da feshin da aka yi.

Masara ko gyaɗar da ta yi koriyar funfuna a rumbu ita ma a aika da samfurinta, amma kada a shaƙi ƙurarta. Funfunar nan, Aspergillus flavus, tana fitar da guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya sakamakon cin gurɓatacciyar masara. Abin lura shi ne, maganin Aflasafe da Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da abokan aikinta, an haɗa shi ne daga ire-iren wannan funfuna marasa guba waɗanda aka tattaro daga gonakin Nijeriya. Wannan shaida ce a kan abin da tattara samfuri ke iya haifarwa.

Gargaɗi game da guba

Babu wata gajeruwar hanya ta gane mai guba. Cewa wai duk wanda ƙwari ko dabbobi ke ci mutum ma zai iya ci, ba gaskiya ba ne. Cewa cokalin azurfa yana baƙi idan akwai guba, ko launi mai kyau alamar lafiya ne, shi ma kuskure ne. Dafawa da busarwa ba sa kashe gubar Amanita. Mugun halinta shi ne ba ta nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, a yi amai da gudawa, sa'an nan mara lafiya ya ji kamar ya warke, alhali hanta tana lalacewa.

Duk wanda ya ci naman kaza ya ji ba daidai ba, a kai shi asibiti nan da nan, tare da duk waɗanda suka ci da shi, ko da ba su fara jin komai ba. A tafi da ragowar ɗanyen da ragowar miyar. Kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida ana jira. Malamin gona kuma kada ya taɓa ce wa manomi wani iri na ci ne saboda ya ga hotonsa a littafi ko a intanet, ko saboda wata manhajar waya ta faɗi haka. Riƙe mai guba da hannu ba ya kisa, amma a wanke hannu da sabulu bayan aiki, a kuma nisanta samfuri daga yara da wurin girki.

Kammalawa

Malamin gona shi ne ya fi kowa kusa da manomi, shi ne kuma ke zagaya ƙauyuka a lokacin da naman kaza ke fitowa. Idan kowane malami a ƙananan hukumomi shida na Abuja zai adana samfuri goma kacal masu cikakken bayani a damina guda, tare da taimakon ƙungiyoyin mata da ɗaliban makarantun sakandare, cikin 'yan shekaru za a sami abin da za a rubuta jagora mai hotuna da sunayen gida, a kuma zaɓo ire-iren da za a iya nomawa a kan ɓuntun shinkafa da garin katako da karan masara. Manomi kuma ya bar wasu itatuwan doka da kawo a gefen gonarsa, ya ƙyale surin da ba ya yi masa ɓarna. Tun kafin ruwa ya sauka a tanadi kwando da littafi da akwatin busarwa, a kuma je a zauna da tsofaffin gari a tambaye su, domin matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damina mai albarka.